Kafin Ka Sauya Manhajar Kamfani, Nemo Littafin Mai Sito

Ranar da aka ɗora mini aikin mayar da kamfaninmu kan sabuwar manhaja, da ƙafar hagu na fara. Na zauna gaban kwamfuta ina kwatanta farashi, wannan ta fi araha, waccan ta fi suna, kamar mai zaɓen atamfa.

Kamfanin na sarin kayan masarufi ne: sukari, man girki, taliya, sabulu. Sito huɗu gare mu, biyu a Kano, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Gusau. Lissafin kuɗi na cikin wata tsohuwar manhajar akanta, ƙidayar kaya na cikin Excel, albashi kuma na wata kwamfuta da mutum ɗaya tak ya san kanta, in ya tafi ta'aziyya garinsu sai kowa ya jira ya dawo. Alhaji mai kamfanin ya je wani baje koli a Legas, aka nuna masa allo guda mai nuna komai, daga buhun da ya shigo har kobon da ya fita. Ya dawo ya ce shi ma haka yake so, kuma kafin Sallah. Irin manhajar nan ita ake ce wa ERP, wadda ke haɗa saye da sito da sayarwa da albashi da lissafi a rumbun bayanai guda. Abin da aka nuna masa gaskiya ne, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da zan zayyana shi ne yadda zan yi aikin in aka sake ba ni shi yau. Ko ma'aikatan kamfaninku 80 ne ko 8,000, ciwon ɗaya ne. Ruɗanin da ke kayar da irin wannan aiki yana nan cikin kamfanin tun da daɗewa, mutane ne ke ɗauke da shi a ka, suna warware shi kullum ba wanda ya lura. Kwamfuta kuwa ba ta da kara, ba ta da kawaici. Abin da ba a faɗa mata ba, ba za ta yi ba, ko da Alhaji ne tsaye a kanta.

Bi kaya da ƙafarka

Makon farko kada ka gana da kowane dillalin manhaja. Ɗauki oda ɗaya ka bi ta, tun daga lokacin da kwastoma ya bugo waya har alat ya shigo asusun kamfani. Duk hannun da ta ratsa ka rubuta: wa ya karɓa, a ina ya rubuta, wa ya sa hannu, takarda nawa aka cike, wacce ta tafi da direba, wacce ta kwana a aljihun tebur. Kada ka tambayi manaja yadda ake yi. Zai faɗa maka yadda ya kamata a yi, kuma da zuciya ɗaya, don shi ma haka ya ɗauka ana yi.

A babban sitonmu na Kano na ga abin da ya sauya mini aikin gaba ɗaya. Mai kula da siton dattijo ne, ya girmi mahaifina. Na isa da hantsi, tirela na sauke sukari, 'yan dako na shige da fice, shi kuma yana kan benci da wani littafi mai baƙin bango a cinya, an ɗaure shi da roba don kada shafukan su zube. Kowane buhu ya wuce sai ya ja ɗan layi da jan biro.

Na ce, "Baba, wannan littafin fa? Ban gan shi cikin takardun da ofis suka ba ni ba."

Ya dube ni ta saman gilashi. "Injiniya, ai wannan shi ne siton. Na kwamfuta na 'yan ofis ne."

Na zauna gefensa har aka kira azahar. A littafin nan akwai kayan da aka fitar da asuba a kan wayar Alhaji tun ofis bai buɗe ba, balle a yanka rasit. Akwai buhunan da suka fashe wajen saukewa aka tattara aka sake ɗurawa, uku suka koma biyu da rabi. Akwai katan-katan da siton Kaduna ya ara ranar da kayansa suka yanke, za a mayar in motarsu ta iso. Akwai tsofaffin kwastomomi da ke ɗiban kaya su biya bayan sun ci kasuwa, kowanne da iyakarsa, kuma iyakar nan ba a rubuce take ko'ina ba sai a kan Baba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin takardar buƙatun da muka riga muka shirya za mu miƙa wa 'yan kwangila. Da mun miƙa ta a haka, da sun gina mana manhajar wani kamfani da ba namu ba.

Tambayar da ta fi yi mini amfani daga nan gaba gajeriya ce: "To in kaza ta faru fa?" In kwastoma ya dawo da rabin katan fa? In direba ya sauke a shagon da ba shi ba fa? In an biya da tiransifa daga asusun wani daban fa? Hanyar da komai ke tafiya daidai kowace manhaja ta iya ta. Kuɗinka da lokacinka a waɗannan karkatattun hanyoyi za su tafi. Kuma ka tabbata ka kwana da 'yan akanta a ƙarshen wata ko sau ɗaya ne, ranar da suke rufe littafi, don a daren ne duk gyare-gyaren hannu ke fitowa fili.

Raba su gida uku

In ka gama tara ɓoyayyun hanyoyin nan, zauna da masu iko ku raba su. Akwai waɗanda doka ta tilasta, kamar haraji da fansho, waɗannan babu ciniki. Akwai waɗanda da su kamfani ke cin abinci, dalilin da ya sa kwastoma ke tsallake shaguna goma ya zo wurinku. Sai kuma al'ada zalla, abin da ake yi don an tarar ana yi. Na ukun nan ya fi yawa, kuma kowane shugaban sashe zai rantse maka nasa ɗan gida na biyu ne.

Ka'idata ita ce, ba a taɓa cikin manhaja a yi mata ɗinki na musamman sai don gida na biyu. Sauran, kamfani ne zai lanƙwasa ya bi manhaja. Dalili kuwa, duk gyaran da ka sa aka yi maka bashi ne. Za ka biya ranar da aka yi shi, ka sake biya duk lokacin da masu manhajar suka fitar da sabon salo sai an sake gwada gyaranka, ka kuma biya ranar da yaron da ya rubuta shi ya sami aiki a waje.

Kamfanin Lidl na Jamus, mai dubban manyan kantuna a Turai, ya koyi wannan da tsada. A 2011 ya fara aikin komawa kan manhajar SAP don kula da kayansa. Lidl yana ƙimanta kayan da ke ajiye da farashin da ya saye su, ita kuwa manhajar an gina ta ne a kan farashin sayarwa. Maimakon su sauya nasu tsarin, sai aka shiga lanƙwasa manhajar, gyara ya haifi gyara. A 2018 suka watsar da aikin bayan an kashe kusan Yuro miliyan 500, suka koma kan tsohon tsarinsu. Ni ban ce Lidl ba su da hujjar riƙe hanyarsu ba, mai yiwuwa ita ce gidansu na biyu. Amma wannan magana ce da ya kamata a gama ta a watan farko a kan tebur, kafin a sa hannu a kwangila.

Mu, bashin da ake bayarwa a kan kalmar Alhaji muka ajiye a gida na biyu, don da shi ya gina kasuwarsa shekara da shekaru. Sai dai mun yi masa sura. Na same shi bayan la'asar na ce, "Ranka ya daɗe, ba hana ka bayarwa za a yi ba. So nake in ka bayar, kwamfuta ta sani." Ya ce, "In dai ba za ta ce in jira ba." Muka tsara takardar fitar da kaya ta wucin gadi, Baba zai iya buga ta da asuba, tana rage kaya nan take, in kwana biyu suka wuce ba a mayar da ita rasit ba sai ta fito ja a allon akanta. Iyakar kowane kwastoma kuma muka kwashe daga kan Baba muka rubuta. Rasit mai kala uku da kowane reshe ke da nasa fasali, wannan mun binne shi, an yi ta guna-guni na mako biyu aka manta.

Kowane bayani da gidansa, da mai shi

Nan ne aikin ya fi gundura, nan ne kuma ake cin nasara ko a faɗi. Da muka zazzage sunayen kwastomomi daga wurare uku, mun sami mutum ɗaya da asusu biyar: ɗaya da "Alh.", ɗaya da "Alhaji" cikakke, ɗaya da sunan shagonsa, ɗaya da laƙabin da aka san shi da shi a kasuwa, ɗaya da sunan ɗansa da ke zuwa biya. Bashin na asusu na farko, biyan na na biyar. 'Yan akanta sun san mutum ɗaya ne, suna haɗawa da ka. In ka zuba wannan cikin sabuwar manhaja yadda yake, washegari za ta hana babban kwastomanka kaya a kan bashin da ya riga ya biya.

Haka ma'auni. Katan ɗin taliya ɗauke yake da leda 20, na sabulu kuwa ya danganta da kamfani da girma, ga dozin, ga rabin katan. Abin da muka yi shi ne ajiye kowane kaya a mafi ƙanƙantar ma'aunin da ake sayar da shi, sauran duk lissafi ne a kansa. Kamfanin Target na Amurka ya shiga Kanada a 2013 da sabuwar manhaja da dubban kayayyaki da aka shigar da bayanansu cikin gaggawa: an sa inci inda ake son santimita, an juya tsawo da faɗi, an yi kuskuren adadin da ke cikin kwali. Manyan sito suka cika maƙil, kantoci a cikin kantuna kuma babu kaya. A Janairun 2015 aka sanar da rufe dukkan kantuna 133. Akwai wasu dalilai, amma gurɓataccen bayani na kan gaba.

Saboda haka kafin a kwashe komai, kowane irin bayani a ba shi gida ɗaya da mutum ɗaya mai amsa tambaya a kansa. Ba kwamiti ba, mutum mai suna da lambar waya. Sunan kwastoma, wa ke da ikon buɗe sabo? Farashi, a ina yake zaune, wa ke sauya shi? Duk inda kuma ake buƙatarsa, daga gidan nan za a ɗauko, ba a kwafa a ajiye. Wanda ya yi aikin lissafi a Najeriya a Fabrairun 2020, lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, ya san abin da nake nufi. Mu a lokacin mun yi ta farautar lambar 5 ɗin nan a cikin fayil-fayil na Excel, kowane reshe ya binne tasa a inda ya ga dama, ɗaya ma sai bayan wata biyu muka gano ta. A sabon tsari wuri ɗaya take, da ranar da ta fara aiki a gefenta.

Ƙirga igiyoyi

Ba komai ne zai shiga cikin sabuwar manhaja ba. Banki na da tasa, na'urar POS na da tata, wataƙila albashi ya zauna inda yake. Kowace mahaɗa tsakanin manhaja biyu igiya ce da za ta iya tsinkewa, kuma yawansu na ninkuwa da sauri. In manhajoji 6 ne kowacce na magana da kowacce kai tsaye, igiya 15 ke nan. In sun kai 10, igiya 45. Ɗauki farar takarda babba ka zana su duka, kowace igiya ka rubuta abin da ke bi ta kanta, sau nawa a rana, da abin da zai faru in ta tsinke da tsakar dare. Wadda ba ka iya amsa tambayar ƙarshe a kanta ba, ba a gama tsara ta ba. Wadda za a iya cirewa a cire.

Wani masani ɗan Amurka, Melvin Conway, ya lura tun 1968 cewa tsarin da ƙungiya ta gina yakan ɗauko kamannin yadda mutanenta ke magana da juna. Na ga haka da idona. Shugaban sayarwa da shugaban akanta a wurinmu gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma daidai mahaɗar sassansu biyu ce ta fi ba mu wahala a manhaja. Maganinta bai fito daga masu rubuta manhaja ba. Sai da na zaunar da su ofis ɗaya kowace Talata, da shayi, har suka yarda a kan lokacin da oda ke zama bashi.

Kada a tashi gida duka rana ɗaya

'Yan kwangila na son a kashe tsohon tsari daren Juma'a a wayi gari Litinin a kan sabo, don ya fi musu sauƙin lissafi. Haka bankin TSB na Birtaniya ya yi a Afrilun 2018. A ƙarshen mako guda ya kwashe bayanan kwastomomi sama da miliyan 5 daga tsarin bankin Lloyds da yake amfani da shi zuwa sabon da bankin da ya mallake shi a lokacin, Sabadell na Sifen, ya gina. Kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu yadda suka saba, wasu ma suka riƙa ganin asusun da ba nasu ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa cikin cibiyoyin bayanai biyu da aka gina, a ɗaya kawai aka yi wani muhimmin gwajin ɗaukar nauyi, ga shi saitin biyun bai zo ɗaya ba. Abin ya ci wa bankin kusan Fam miliyan 330, shugabansa Paul Pester ya sauka a Satumbar shekarar, a Disambar 2022 kuma hukumomi suka ci shi tarar Fam miliyan 48.65.

Akwai wata hanya da Martin Fowler, wani masanin tsara manhaja, ya yi wa suna a 2004 bayan ya ga wani irin ɓaure a dazukan Ostireliya. Mu ba sai mun je can ba, ceɗiya ma kan yi haka: ta tsiro a jikin wata bishiya, ta sako saiwoyi ƙasa a hankali, ta lulluɓe ta, har wata rana ta tsaya da ƙafarta. Haka ake so sabon tsari ya ci tsoho, yanki bayan yanki. Mu da Gusau muka fara, don shi ne ƙarami, kuma da sito kaɗai, ba mu taɓa albashi ba. Da ya zauna muka ɗauki Kaduna. Kano ce ta ƙarshe. Farashin wannan hanya shi ne za ku yi watanni kuna riƙe da tsari biyu, da wata gada ta wucin gadi a tsakaninsu, mutane su gaji da shigar da abu sau biyu. Na yarda da wannan farashi, don kuskuren da muka yi a Gusau na mutum goma sha ne, ba na kamfani duka ba.

Kowane yanki, kafin a taɓa shi, a rubuta abu uku a takarda ɗaya: alamar da za ta nuna ya yi, alamar da za ta sa a koma baya, da sunan wanda zai ce a koma. A kuma gwada komawar da gaske, a ga awa nawa take ci, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da abu ya rikice kowa na gumi, ba mai son ya zama shi ya ce a janye, shi ya sa ake naɗa mutumin tun ana cikin sanyi.

Sai lokaci. Kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya matse aikin wata 48 zuwa wata 30, ya kunna manhajoji uku lokaci guda a Yulin 1999, daidai lokacin da odar bikin Halowin ke shigowa, kakar da suka fi ciniki. Alewa na sito, amma sun kasa kai odar kusan Dala miliyan 100. Da wannan labarin na je wa Alhaji a kan maganar "kafin Sallah". Mai sarin sukari da man girki, azuminsa shi ne Halowin ɗinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, daga Sha'aban har bayan ƙaramar Sallah, ko waya kada a sauya a sito." Bai ji daɗi ba. Ya yi shiru, ya ce, "Allah ya kai mu."

Abu na ƙarshe da masu baje koli a otal mai sanyi ba sa nunawa: wuta za ta ɗauke, janareto zai ƙi tashi, sabis zai gudu ana tsaka da loda mota. Wannan ma cikin zane yake. Ko dai manhajar ta iya aiki babu intanet ta tura daga baya, ko a buga takardun gaggawa masu lamba a jere a ajiye a kowane sito, da ka'idar cewa ba a tashi aiki sai an shigar da su. Mu na biyun muka yi.

Littafin Baba kuwa ban ce ya ajiye ba. Na roƙe shi ya ci gaba da jan layinsa wata uku bayan mun kunna Kano, kowace Asabar mu gwama nasa da na kwamfuta. Asabar ta huɗu muka sami bambancin buhu shida na sukari. Na kwana biyu ina bin lissafi, a raina na gama yanke cewa tsufa ne. Ashe allon da muka tsara don buhunan da aka sake ɗurawa yana ƙara sababbin, ba ya cire fasassun. Na je na faɗa masa a gaban 'yan dako, don a gabansu na fara nuna shakka. Bai ce komai ba, ya lashi yatsa ya buɗe sabon shafi.

Yanzu da kansa yake buga takardar asuba, da yatsa ɗaya, gilashi a kan hanci. Littafin na cikin aljihun tebur a kulle, mabuɗin na aljihun rigarsa.